Shekarar da Yaran Janbako Suka Ɓace a Kwamfuta

Ni ba mai dogon zance ba ce, kowa a gidanmu ya sani. Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan shi ne na gaji da jin labarin a bakin mutane, kowa da irin gishirin da yake zuba masa. Wasu na cewa tsoron birni ya hana ni tafiya Kano. Wasu na cewa Baba ne ya hana. Goggo kuwa har gobe rantsuwa take wani saurayi ne ya riƙe ni a Mafara. To ku ƙannena, da ke ɗiyata idan kin girma kin iya karatu, ga yadda abin ya faru daga bakin mai shi.

Da na gama sakandare ba a samu halin in wuce gaba ba, sai na kama aikin buga takardu a wani shago kusa da kasuwar Talata Mafara. Aikin ya ishe ni tun a watan farko, don ba abin da ke ciki sai kwafar abin da wani ya rubuta. Akwai wata tsohuwar kwamfuta a lungun shagon da ba mai taɓa ta, a kanta na fara koyon yadda ake gina shafin intanet, da darussan da nake saukewa a waya. Ban tsaya kan fuskar shafi ba, wato launi da hotuna, don wannan kwalliya ce. Abin da ya ja ni shi ne bayan shafin, inda wata kwamfuta da ke can nesa, wadda ake kira saba, take karɓar abin da mutum ya rubuta ta adana, ta kuma dawo masa da amsa. Na koyi rubuta mata umarni da yaren PHP, na koyi rumbun bayanai. Rumbu ne sosai, sai dai ba a zura masa hannu. Tambaya kake rubutawa, shi kuma ya miƙo maka abin da ka tambaya. Abin da ka tambaya fa, ba abin da kake nufi ba. Wannan bambancin shi ne dukan sana'armu.

A lokacin akwai wata ƙaramar ƙungiya da ke taimakawa wajen rigakafin yara a Mafara da Bakura da Maradun. Tana da mata ma'aikata masu shiga ƙauyuka da akwatin sanyi da waya. Duk yaron da aka yi wa allura sai su shigar da shi ta wayar, bayanin ya tafi rumbu, ƙarshen wata shugaban ƙungiyar, Malam Lawali, ya buɗe shafi ya fitar da rahoton aikin kowace mace. Wanda ya gina musu tsarin baƙo ne, ya gama ya tafi, wayarsa ma ta daina shiga. Da suka ji akwai wata yarinya a kasuwa da ke fahimtar abin, suka ɗauke ni in riƙa kula da shi. Malam Lawali mutum ne mai son tsari, ba mugu ba. Laifinsa guda, duk abin da ya fito daga firinta ya zama gaskiya a wurinsa.

Cikin matan akwai Malama Asabe, 'yar Maradun, ta kai sa'ar innata. Ita ke da Janbako da Kaya da Tsibiri, wuraren da sauran ke gudu saboda hanya. Ni da ita jininmu bai haɗu ba da farko. Idan ta shigo ofis sai ta gaishe ni, ta gaida Inna, ta gaida Baba, ta tambayi gajiyar jiya da ta shekaranjiya, ta tambayi ruwa, ta tambayi kaji, ni kuwa idona na kan allo ina amsa lahiya lahiya ba tare da na ɗago ba. Ta laƙa mini Hajiya Gaggawa. Ta ce ranar da za a raba haƙuri na je da wuri, na ga layi, na dawo.

A damanar wannan shekara rahoton ya fara nuna abin da ba daɗi. Kwalaben allurar da Malama Asabe ke karɓa suna dawowa ba komai a ciki, amma yaran da rahoton ke nunawa ta yi wa ba su kai ko kusa ba. Wata ya bi wata haka. Sai magana ta fara yawo a ƙasa-ƙasa, wai ba ta zuwa ƙauyukan, wai gidan ƙanwarta take zama a Maradun ta zubar da maganin a rami ta dawo da kwalba. Malam Lawali ya ce kwamiti zai zauna ƙarshen wata a sallame ta. Ku gane, ba aikin kaɗai za ta rasa ba. Mace ce da ta shekara da shekaru tana shiga gidajen mutane ana miƙa mata jarirai. A ce ita ce ta zubar da maganin yara, ko gaisuwar mutuwa ba za ta iya shiga ba a Maradun.

Ni kuwa hankalina ba ya wurin. Wani kamfanin masu rubuta manhaja a Kano ya ba ni gurbin koyon aiki, abin da na daɗe ina roƙon Allah. Sun ce in iso kafin a fara, wanda bai zo ba za a ba wani. Har Inna ta fara daka mini yaji da kuka. Ina cikin share kwamfutar ofis don in miƙa ta Malama Asabe ta shigo, ranar ko gaisuwa ba ta ja ba, abin da ya sa na ɗago kai.

“Murja, ke ka ganin cikin abin ga. Ki duba mani. Duk ɗan da niy yi ma allura na rubuta shi, Allah shina gani.”

Na ce mata kwamfuta ba ta ƙarya.

“Ban ce tana ƙarya ba. Ai ko mai gaskiya shina mantuwa.”

Na ce zan ba ta yamma guda, don in rabu da ita. Ka'idata ta farko, wadda har yau nake koya wa yaran da nake koyarwa, ba a gwaji a kan rumbun da mutane ke aiki da shi. Na kwafo shi gaba ɗaya zuwa kwamfutata, na tayar da ƙaramar saba a cikinta, yadda ko na ɓarar da komai ba wanda zai cutu. Na fara da inda kowa ke farawa, wato fayil ɗin da saba ke rubuta kurakuranta. Fes. Ba ja, ba gargaɗi, ba komai. Kuskuren da ya yi ihu ɗan'uwanka ne, ya gaya maka layin da yake. Wanda ya yi shiru shi ne mugu, don shafin zai buɗe da kyau, ya jera maka lambobi cikin ladabi, alhali ƙarya ce. Na zargi sabis, don a Janbako sai an hau tudu ake samun waya. Na karɓi wayarta na duba, duk abin da ta aika ya iso. Na zargi agogon wayar, ko yana jefa aikin wannan watan cikin wani watan. Agogo daidai. Yamma guda ta zama kwanaki. Ina zuwa da safe in kama wutar sola, in tashi la'asar kaina na sarawa, in zo gida in yi wa ƙannena tsawa ba su yi mini komai ba.

Akwai wani zaure a intanet na masu irin aikinmu, na rubuta matsalata a can. Wani ya ce in sake kunna kwamfuta. Wani ya ce mata da rumbun bayanai sai a hankali, na ba shi amsar da ba zan rubuta a nan ba don ɗiyata za ta karanta. Sai wata mata da ban san ko daga wace ƙasa take ba ta ce in daina kallon shafin, in sa shi ya buga mini ainihin tambayar da yake aika wa rumbu, in ɗauke ta in riƙa cire mata gaɓa ɗaya-ɗaya ina gwadawa. Haka na yi. Na sa layi guda a cikin umarnin, tambayar ta fito a allo doguwa kamar igiyar guga. Na kai ta manhajar da ake magana da rumbu kai tsaye, na fara warware ta kamar mai warware ɗinki. A cikin rumbun akwai tebura daban-daban, ɗaya na allurai, ɗaya na yara, ɗaya na uwaye. Da na tambayi teburin allurai shi kaɗai, sai ga aikin Malama Asabe cike, ya yi daidai da kwalabenta. Da na mayar da gaɓar da ke haɗa shi da teburin yara, sai wani babban kaso ya ɓace. Na cire, suka dawo. Na mayar, suka ɓace. Na yi ta yi kamar mai wasa da fitila.

Wanda ya gina tsarin da sunan yaro yake haɗa teburan biyu, da lambar uwarsa. Idan sunan da ke nan ya yi daidai da na can, an haɗu. Na jero waɗanda ke ɓacewa na duba su, sai na ga dukansu gurbin sunan fayau yake. Ita kuwa kwamfuta, gurbin da ba a rubuta komai ba ba ta ɗauke shi daidai da komai, ko da ɗan'uwansa da shi ma ba komai. A wurinta ban sani ba da ban sani ba ba su zama ɗaya ba. Sai ta ajiye su gefe ta yi shiru, ta ƙirga sauran.

Na ruga ofishin Malam Lawali da murna, na juya masa allo. Ya gyara tabarau, ya duba, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce ai wannan ya ƙara tabbatar da zargin. Ɗa marar suna ba ɗa ba ne. Wai Malama Asabe zama ta yi ta riƙa danna waya don lissafi ya cika, sunayen ƙarya ma ta kasa ƙirƙirowa. Ya yi mini godiya, ya ce zai kai wa kwamiti. Na fito. Da, zargi ne kawai ake yi mata. Yanzu ni na ba su abin riƙewa.

Na sami Malama Asabe a bakin ƙofa na sauke mata haushina, na ce wace irin ma'aikaciya ce za ta bar gurbin suna ba komai. Ta ce uwar ce ba ta faɗa ba. Na ce wace uwa ce ba ta san sunan ɗanta ba. Ta kalle ni irin kallon da ake yi wa wanda ya tambayi ko ruwa na jiƙa, ta ce in ina so in gani in biyo ta ranar kasuwar Janbako. Ranar kasuwar kuwa ta faɗo bayan ranar da ya kamata in kasance a Kano.

A gida aka yi ta kai-kawo. Baba ya ce arziki ba ya ƙwanƙwasa ƙofa kullum, in tafi, Allah zai fitar da mai gaskiya ko ba ni. Goggo ta ce dama me mace za ta yi a Kano, na ce mata ba ita aka tambaya ba, Baba ya daka mini tsawa. Inna kuwa tana ta ƙulla kuka a leda. Na kira mutanen Kano na roƙi a ɗaga mini, suka ce za su gani, irin za su ganin da kowa ya san ma'anarsa. Ba zan ce muku tausayi ne kaɗai ya tsayar da ni ba. Akwai shi, amma akwai kuma wani abu da masu sana'armu suka sani: na gano inda abin ke ɓacewa, ban gano dalili ba, kuma rabin amsa ya fi rashin amsa ƙaiƙayi. Da safe na gaya wa Baba zan tsaya. Ya ce tunda haka ne in bi motar 'yan kasuwa cikin mutane, in dawo kafin la'asar ta yi sanyi, don kowa ya san halin da hanyar take ciki.

Mun tafi a bayan wata motar ɗaukar kaya, tsakanin buhunan gishiri da wani bunsuru da ya ƙi jinina. Ruwa ya cinye hanya, sau da yawa sai an sauka an tura. Malama Asabe ta rungume akwatin sanyinta kamar jariri, ba ta ko yamutsa fuska. Da muka isa ba kasuwar muka shiga ba, wata ruga muka nufa a gefen gari, inda na ga uwaye da yawa cikin waɗanda yaransu suka ɓace a rahoton. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo nono, aka shiga gaisuwa. Ina zaune ina kaɗa ƙafa. Can aka kira wata matashiya, ba ta kai ni shekaru ba, da yaro a goye. Malama Asabe ta taɓa ni ta ce to bismillah, in tambaya.

Na tambaye ta sunan yaron. Ta ja mayafi ta rufe baki tana murmushi, ta kalli ƙasa. Na sake tambaya da ƙarfi, ko ba ta ji Hausata ba. Ta juya baya gaba ɗaya. Na ce mata ba wasa muka zo ba, aikin mutum ne a kan layi, ta faɗa mana mu tafi. Matan da ke wurin suka fashe da dariya, wata tsohuwa har da riƙe ciki.

“Wagga ɗiya daga ina kuka samo ta? Ba uwa ta haife ta ba?”

Malama Asabe ta ce su yi haƙuri, 'yar boko ce, a cikin kwali aka kawo ta. Sannan ta juyo gare ni ta ce a hankali, “Ɗan fari na.”

Wallahi sai na ji kamar an zuba mini ruwan randa. Ba wai ban san kunyar ɗan fari ba. Wa bai sani ba? Amma na san ta ne a tsakar gida, ban taɓa tunanin za ta biyo ni cikin kwamfuta ba. Malama Asabe ta ce in akwai kaka ko maƙwabciya kusa takan tambaye su, in babu, ba za ta tsare yarinya ta kunyata ta ba, ba kuma za ta ƙirƙiro suna ba, sai ta bar gurbin ta wuce. Ba ta taɓa sanin hakan na da wata illa ba, tunda wayar ba ta taɓa hana ta ba. Muka bi gida-gida. Wani yaron ɗan fari ne. Wata yarinyar sunan uwar miji aka sa mata, uwar ba ta iya kama shi. Wani kuma an yi masa allurar farko tun kafin ranar suna, lokacin ba shi da sunan ma tukuna. Ina kiran sunan uwa daga wayata, ana fito da yaro, ana ɗaga masa hannun riga in ga tabon allura a damtse. Yaran da aka ce babu su, ga su nan suna majina, ɗaya ma ya yi mini fitsari a zane. Mai unguwar wurin ya ce in ana so shi da kansa zai hau tudu ya kira ofis ya shaida.

Mun dawo Mafara ana kiran magariba. Na tarar da Inna tana kwashe tuwo. Na tsaya a kanta ina kallonta, don duk hanya abu guda nake juyawa a raina. Ni ce ta fari a ɗakinta. Tun tasowata “ke” nake ji, ko “wagga”, in tana ba wani labarina ta ce “yarinyar nan”. Ban taɓa lura ba, kamar yadda mutum ba ya lura da ƙofar ɗakinsa.

“Inna, mi as sunana?”

Ba ta ɗago ba. “Kin manta shi a Janbako? Tahi ki tambayi babanki, shi yay yanka ragon.”

Na ce ita nake so ta faɗa, sau ɗaya tak. Ta ce in matsa mata daga haske, in kuma wanke hannu, ina warin bunsuru. Amma malmalar da ta sa mini ta fi ta kowa girma, kuma na ga tana dariya ita kaɗai tana goge muciya.

Washegari saƙon Kano ya shigo, sun ba wani gurbin. Na shiga banɗakin ofis na yi kukana, na wanke fuska, na zauna aiki, don kwamiti na tafe. Gyaran ba layi ɗaya ba ne. Na ba kowane yaro lamba tasa, wadda kwamfuta ke bayarwa da kanta, na mayar da haɗin teburan ya koma kan lambar, ba kan suna ba. Tsofaffin bayanan kuwa sai da na bi su da lambar uwa da ranar allura na ɗaura kowanne a inda ya dace. Na ƙara wani gurbi inda ma'aikaciya za ta nuna ko yaron na fari ne ko na biyu ko na nawa, don a bambanta yaran uwa ɗaya ba sai an kama suna ba. Na gwada a kwafin da ke kwamfutata, shafin ya yi fari fat, na bi layi-layi na gano inda na bar alamar baka a buɗe a cikin umarnin, na rufe. Na sake gwadawa ta kowace fuska da zan iya tunani, da yaro mai suna, da marar suna, da tagwaye. Sai da na adana kwafin rumbun na gaskiya a wuri biyu kafin na taɓa shi. A nan ne kuma na gano wani abin da ya fi tayar mini da hankali. Saƙon tunatarwa da ake aika wa uwaye idan lokacin allura ta gaba ya yi, shi ma da wannan tambayar yake aiki. Ke nan duk watannin nan ba a taɓa tuna wa uwar ɗan fari komai ba, ita da ta fi kowa buƙatar a tuna mata tunda ba ta taɓa yi ba.

Ranar zaman kwamiti dattawa ne cike da ɗaki, Malama Asabe na zaune a gefe kanta a ƙasa. Na yi bayani gajere, na nuna rahoton da, na nuna na yanzu. Aikinta ya yi daidai da kwalabenta. Na Bakura da na cikin Mafara ma sun ɗan ƙaru, don ashe ko'ina akwai irin yaran, nata ne dai suka fi yawa. Mai unguwa ya kira kamar yadda ya yi alkawari, aka sa shi a lasifika, ya cinye rabin kuɗin wayarsa a gaisuwa kafin ya shaida. Malam Lawali ya ce to ya ji, amma maganin abin mai sauƙi ne: in rufe gurbin yadda waya ba za ta karɓi yaro ba sai da suna, dole uwa ta faɗa, zamani ya wuce wannan. Na ce in aka yi haka abu biyu ne zai faru, ko ma'aikata su cika rumbun da sunayen ƙarya, ko matasan uwaye su daina fitowa da yaran. Ya ce ni yarinya ce, ba ni zan koya masa aiki ba. A nan bakina ya riga ni.

“Malam, kai ma fa Lawali ne, sunan ɗan fari. Innarka ta taɓa kiran sunanka?”

Ɗakin ya yi tsit. Malama Asabe ta ƙara sunkuyar da kai, na san a ranta cewa take Hajiya Gaggawa ta ƙarasa kashe ta. Malam Lawali ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Da ya buɗe baki muryarsa ba irin ta ofis ba ce.

“Har ta koma ga Allah, ‘ɗan nan’ taka ce mani.”

Wani dattijo ya ce Allah ya jiƙanta, aka amsa da amin. Wani ya ce shi matarsa shekara nawa suna tare ba ta taɓa kama sunan babbansu ba, sai dai ta ce “na wajenka”, aka yi dariya, ɗakin ya saki. Malam Lawali ya mayar da tabarau ya ce a bar gurbin yadda na yi shi. Bai ce wa Malama Asabe ta yi haƙuri kai tsaye ba, ba halinsa ba ne. Amma ya juya ya gaishe ta a gaban kowa, gaisuwa doguwa, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi gajiyar hanya, ya ce daga yau a riƙa ba ta mai babur ya kai ta. Ita kuwa ta amsa masa ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba. Ni dai ya yi wata guda ba ya amsa sallamata da kyau, wannan kuma ni na jawo wa kaina.

Kada ku ce ban ji zafin Kano ba. Waɗanda suka shiga a wannan zangon wasunsu yanzu suna aiki da manyan wurare, ina ganin hotunansu, wani lokaci sai in kife wayar. Ni a nan na ci gaba, a hankali, da guntun darasi da tambaya a zaure. Yanzu ba ƙungiyar kaɗai nake kula wa da tsari ba, kuma ina da 'yan mata da ke zuwa koyo wurina, waɗanda nake gaya wa kafin su zargi kwamfuta ko mutum su fara zuwa su ga inda ake shigar da bayanin da idonsu. Ƙofar Kano ban ce ta rufe har abada ba, ina da sauran shekaru.

Ranar da Malama Asabe za ta sake shiga ƙauyuka bayan zaman kwamitin, ta zo ofis da sassafe in sabunta mata waya. Ta zauna ta yi gaisuwarta cikakkiya, ni kuma na ture kwamfuta gefe na amsa har ƙarshe, har kajin. Na nuna mata sabon gurbin. Ta danna, ta sake dannawa, ta kawo wayar kusa da ido.

“Yanzu in nib bar wurin sunan hwayau, ba shi ɓacewa?”

Na ce ba ya ɓacewa, ta bar shi.

Ta sa wayar a jaka, ta saɓa akwatin sanyi. Na ce ta tsaya ta sha shayi. Ta ce a'a, yau ita ke gaggawa, akwai wata yarinya a Tsibiri da ta haihu shekaranjiya, haihuwar fari, ko suna ba a yi ba.